Baballe Mai Auna Guɗa

Baballe ɗan Malam Zakiyyu tela ne, na bakwai cikin 'ya'ya tara, kuma tun yana ƙarami kunnensa ya fi hankalinsa kaifi. Kwana biyu kafin keken ɗinkin ubansa ya lalace sai ya ce, "Baba, muryar keken nan ta canja." Uban ya kai masa ranƙwashi, keke kuma jibi ya tsaya cak. A makaranta bai taɓuka abin kirki ba. Da ƙyar ya gama sakandare aka kai shi koyon gyaran rediyo a bakin kasuwar Lafia, inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana hure ƙura daga rediyon mutane yana ce musu ya gyara. Ya auri Rahmat, suka haifi uku, ya ajiye ɗan tumbi. Da a haka ya ƙare, da ba wanda zai ɓata yawu a kansa.

Wata rana wani direba ya kawo masa rediyon motar da aka sayo daga Kwatano, faifai ya maƙale a ciki. Baballe ya zaro faifan ya saka don gwaji. Ganguna suka ɓarke da gudu kamar an biyo su da kulki, a ƙarƙashinsu kuma wata murya mai kauri tana gurnani a hankali kamar tirela ta ɗauko doya tana hawan tudu. Direba ya toshe kunne ya ce a jefar da shi a kwata. Baballe ya zura shi a aljihu. Daga baya ya bincika a waya ya gano sunan kiɗan diram an bes, wato ganguna da wannan murya mai kauri, kuma akwai mutane masu cikakken hankali a wasu ƙasashe da suke cin abinci da shi. Daga ranar rediyon mutane suka fara kwana wata uku a shagonsa.

Abu biyu ya koya, ya riƙe su kamar farilla. Na farko gudu. Wannan kiɗa bugu ɗari da saba'in da huɗu yake yi a minti ɗaya, kuma kafin DJ, wato mai saka kiɗa a taro, ya shigar da sabuwar waƙa cikin wadda take ƙarewa, dole gudunsu ya zo daidai, in ba haka ba sai ka ji kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya ba su jitu ba, taɓarya tana dukan taɓarya. Na biyu abin da 'yan sana'ar suke kira ki, wato mazaunin muryar waƙa. An jera su ɗaya zuwa sha biyu kamar fuskar agogo, kowace lamba tana shiri da maƙwabtanta kawai. Takwas tana zama lafiya da bakwai da tara. Ka ɗora takwas a kan uku kuwa, yawancin mutane za su ji wani abu ya ɗan dame su ba su san ko mene ne ba. Baballe sai ya kwanta da ciwon kai.

Yayarsa Hajiya Zuwairatu dillaliyar doya ce, tana lodin tirela daga Assakio. Ta gaji da jin ana ce masa ƙanin Hajiya mai hure rediyo, sai ta saya masa na'urar haɗa waƙa da lasifika biyu, kowace ta kai firiji tsayi, ta ce ya je ya zama mutum. Aiki kuwa ya samu, don a garin nan ba a rasa suna ko biki. Matsalar ita ce ba ya iya riƙe kansa. Zai fara da waƙoƙin da kowa ya sani, mata su shiga fili, bayan minti goma sai ka ga idonsa ya lumshe, hannunsa ya tafi wani wuri. A wani suna a Ashige ragon da aka ɗaure ya tsinke igiya, sai a bayan makarantar firamare aka kamo shi. A Arikya kakar amarya ta tako da sandarta ta zare waya daga janareto, ta tafi da ita gida. Wata uku kafin ta mayar.

Da bikin Bilqis, 'yar fari ta Zuwairatu, ya rage wata guda, sai ta kira shi shagonta.

"Zauna. A'a, ba a kan doyata ba. Baballe, kai za ka yi kiɗan yinin biki, don kada a ce ina da ƙani na ɗauko bare. Amma ka ji da kyau. In Gwaggo ba ta taka ba, lasifikun nan a motar Nababa za su kwana."

Nababa mai maganin basir ne, yana zagaya kasuwanni da tsohuwar mota yana bayyana wa duniya abin da ya kamata ya tsaya tsakanin mutum da bayan gida. Shekara biyu yana zawarcin lasifikun. Duk inda ya ga Baballe sai ya shafa su ya ce, "Da waɗannan, mai basir ko yana Makurdi sai ya ji ni."

"Yaya, lasifikar bes ce fa. Ba a yi ta don..."

"An yi ta don abin da na ce. Ni na saya."

"To in sa irin nawa?"

"Ka sa kukan jaki in ka ga dama. Gwaggo dai ta taka."

Gwaggo Iyatu ƙanwar ubansu ce, shekararta saba'in da wani abu, gajera, mai baki kamar reza. A danginsu akwai ƙa'ida tun zamanin kaka: ranar yinin biki ba matar auren da za ta sa ƙafa a fili sai babbar gwaggo ta rangaɗa guɗa ta fara takawa. In ta ƙi tashi, biki ya zama zaman makoki da shinkafa, dangin ango kuma su tafi da labari a baki. An taɓa yi sau ɗaya, shekara ashirin ke nan, har yau ana gori.

Mai hankali da ya nemi waƙoƙin zamanin Gwaggo ya huta. Baballe ya yanke shawarar zai auna ta.

Gwaggo ba ta ƙin gayya, don haka a sati uku ta halarci suna huɗu a unguwa, Baballe yana biye da ita ba wanda ya gayyace shi. Namiji ba ya shiga cikin mata, sai ya riƙa laɓewa a bayan katanga ya ɗaga waya sama, wayar tana da wani abu da ke faɗin lambar duk muryar da ya ji. Takunta kuma ta kafar ƙyaure yake leƙe yana ƙirgawa da yatsa a cinya. A gida na biyu aka watso masa ruwan wanke-wanke. A na uku wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya tambaye shi ko yana da iyali, ya ce yana da su, dattijon ya ce to ya ji tsoron Allah. Bai fasa ba.

Abin da ya samu ya kusa sa shi kuka. Sau huɗu Gwaggo ta yi guɗa, sau huɗu waya ta ce takwas. Takunta kuma tamanin da bakwai a minti, ba ƙari ba ragi, rabin ɗari da saba'in da huɗu cif. Ashe duk shekarun nan mutanen Lafia suna ƙoƙarin bin gangunan ne da ƙafa shi ya sa suke gudu. In mutum ya taka sau ɗaya a kowane bugu biyu, rawar tsofaffi ce sak.

Ya shiga gida a guje, ya tarar da Rahmat tana tsintar shinkafa.

"Rahmat! Gwaggo takwas ce! Kuma ƙafarta rabin diram an bes ce!"

Rahmat ba ta ɗaga kai ba. "Wace guɗar ka auna?"

"Wace iri kuma? Guɗa ai guɗa ce. Ke ba ki san kimiyya ba."

"To," in ji Rahmat, ta cire tsakuwa ta jefar.

Ya zauna kwana shida ya tace waƙoƙi goma sha biyu, duk a takwas, ya jera su yadda ɗaya za ta narke cikin ɗaya ba a ji ɗinki ba.

Ranar yini aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Zuwairatu, aka jera kujerun roba. Bayan la'asar mata suka cika wurin cikin anko ruwan goro, zafin Lafia yana narka hoda a fuskoki. Dangin ango, mutanen Keffi, suka zauna gefe guda suna kallon komai kamar masu sayen akuya. Can gindin mangwaro motar Nababa ce a fake, shi kuma yana zaune a kan boneti da igiya sabuwa a cinyarsa.

Baballe ya yi bismilla ya saki ta farko. Ganguna suka zubo. Doofan, abokiyar cinikin Zuwairatu, ta dafe ƙirji ta ce, "Hajiya, wannan kiɗa shi yana gudu zuwa ina? Wani ya mutu?" Amma Baballe Gwaggo kawai yake kallo, ya kuwa ga babban yatsan ƙafarta yana motsi cikin takalmi, sau ɗaya a kowane bugu biyu. Zuciyarsa ta yi fari.

Aka fito da Bilqis a lulluɓe. Gwaggo ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta kama hanci, ta saki guɗa.

Baballe ya ji kamar an soka masa tsinke a kunne. Guɗar ta fito siririya, doguwa, ta hau kan kiɗan ta goge shi kamar an ja cokali a gindin tukunya. Ba ta kai ƙarshe ba Gwaggo ta katse. Ta juyo ta dubi lasifikun sama da ƙasa. Kunnen nan da ya hana Baballe zaman lafiya, ai ba daga sama ya faɗo masa ba, a dangi yake.

"Wane mara kunya ne yake musu da ni?" in ji ta. "Ina magana, akwati yana magana. To ya yi guɗar da kansa." Ta koma ta zauna, ta harɗe hannu.

Fili ya zama fayau. Wata daga dangin ango ta ce "Ikon Allah" da irin muryar da ake jin ta har layi na uku. Nababa ya sauko daga boneti ya fara warware igiya.

Baballe ya duba waya. Uku. Ya girgiza ta, ya sake dubawa. Uku dai. Rahmat ta zo wucewa da tiren ruwa ta tsaya a bayansa.

"Ta canja murya," ya ce. "Sau huɗu na auna!"

"Guɗar kara ka auna, maigida. Wadda take yi wa 'ya'yan mutane don kada a ce ba ta yi ba. Wannan ta jini ce, daga cibiya take ɗauko ta. Ko yarinyar goye a gidan nan ta san guda biyu ne."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ni da ban san kimiyya ba?" Ta wuce da tirenta.

Abin haushin, guɗar jinin ba ta fi ta karan tsayi da yawa ba, ɗan taƙi ne kamar tsakanin yatsa da yatsa. Amma a agogon nan na DJ, wannan ɗan taƙin shi ke jefa murya can ɗaya gefen. Daga takwas zuwa uku, in za a bi maƙwabta yadda ƙa'ida ta ce, sai an ratsa bakwai, shida, biyar da huɗu. Waƙa biyar, kusan minti goma sha biyar. Ya fara lalube cikin na'ura, sai ya hango abin da ya fi guɗar tayar masa da hankali: an ajiye wa Gwaggo kwanon sakwara da miyar agushi. Duk dangi sun san in Gwaggo ta kai loma ɗaya baki, ko gobara aka yi sai dai a ɗauke ta da kujerar. Ga ta nan ta fara zare zobba ɗaya bayan ɗaya tana kiran a kawo ruwan wanke hannu.

Zuwairatu ta iso kansa, ɗankwali ya karkace.

"Baballe, ka kashe ni. Ka kashe ni a gaban mutanen Keffi."

"Yaya, minti goma sha biyar kawai. In na bi ta bakwai..."

"Zobe uku ya rage a hannunta, kana ce mini bakwai!"

Nababa ya riga ya iso, yana gwada igiya a ƙugun lasifikar hagu. "Kada ka damu, ɗan'uwa," ya ce. "Zan riƙa goge su kullum. In ka yi kewarsu ka zo kasuwar Assakio, layin 'yan manja nake tsayawa."

Akwai hanya ɗaya, Baballe ya san ta, kuma yana ƙyamarta. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san in batir ya yi sanyi murya takan yi kauri ta ja jiki. To haka in aka ƙara wa waƙa gudu, muryarta takan sirance ta hau sama. Na'urarsa tana da maɓallin da ke hana hakan, kuma tun da ya mallake ta bai taɓa kashe shi ba. In ya kashe, ya tura gudun daga ɗari da saba'in da huɗu zuwa ɗari da tamanin da huɗu, waƙar da ke takwas za ta hau ɗan taƙin nan ta faɗa uku. Muryar za ta dace da Gwaggo. Sai dai takun zai tashi daga tamanin da bakwai ya koma casa'in da biyu, gwiwar Gwaggo kuwa tamanin da bakwai aka yi ta. Ko a gyara wa maƙogwaronta, ko a gyara wa gwiwarta. Ba a samun duka biyu.

Zobe na ƙarshe ya fita. Aka miƙo kwanon ruwa. Baballe ya dubi lasifikarsa, ya ji ta a ransa tana faɗa wa layin 'yan manja alamomin basir mai tsiro. Ya ce, "Allah ka yafe mini," ya kashe maɓallin, ya tura.

Bai tura a garaje ba, don ko a cikin tashin hankali Baballe ba ya aikin ƙazanta. A hankali ya ja, kiɗan yana hawa kamar ana ɗaure tsirkiya, har gurnanin bes ɗin ya zauna a inda yake so. Gwaggo hannunta yana cikin ruwa. Sai ta tsaya. Ta karkata kai gefe kamar kaza ta ji shaho. Ta ɗan gwada wata 'yar guɗa ƙasa-ƙasa, iya ita da kwanon sakwara. Guɗar ta kwanta a kan kiɗan lumui.

"Yawwa," in ji Gwaggo. "Yanzu ka san babba."

Ta yarfe hannu, ta miƙe, ta kama hanci ta saki ta jinin gaba ɗaya, tun daga cibiya. Bes ya ɗauke ta kamar an shimfiɗa mata tabarma. Sai da tsigar jikin dangin ango ta tashi, har wadda ta ce ikon Allah ta sake faɗa, wannan karon da gaske. Gwaggo ta sa ƙafa a fili.

Taku uku ta yi ta gane an yi mata shigo-shigo. Kiɗan ya fi ƙafarta sauri. Ta harari Baballe, harara irin wadda ke sa nono ya tsinke. Amma matar da ta ƙi yarda akwati ya yi musu da ita ba za ta yarda akwati ya tsere mata a gaban baƙi ba. Ta tattare zani, ta cije leɓe, ta bi shi. Rabon da a ga Gwaggo a wannan gudun tun tana aure na biyu. Mata suka yi ihu suka zubo fili, kujerun roba suna faɗuwa. Doofan ta cire takalmi ta riƙe a hannu tana cewa, "Ashe ba a bin shi duka! Rabi-rabi ne ake ci!" Amarya ma sai da aka riƙe ta.

Zuwairatu ta je ta tsaya a gaban Nababa, tana haki.

"Malam, cire igiyarka daga jikin kayan ƙanina."

"Hajiya, ai mun yi magana."

"Mun yi. Ga sakwara can Gwaggo ta bari, je ka ci, ka san maganin abin da za ta jawo maka."

Gwaggo ta yi minti goma sha ɗaya a fili. Ta yi kwana tara a kwance. A rana ta uku ta aika a kira Baballe, ya zo ya durƙusa a bakin gado, ta miƙa masa kwalbar man zafi ta nuna gwiwa.

"Shafa. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Wa ya ce ka ƙara wuta?"

"Gwaggo, guɗarki ce ta hau. Ni takwas na auna."

"A bayan katanga, kamar ɓarawon kaji. An faɗa mini. Da ka shigo ka gaishe ni ka tambaya, da ban yi maka duka biyun a tsakar gida ba? Shafa da kyau, ba rediyo kake hurewa ba."

Lasifikun suna nan a wurinsa har yau. Matasa dai ba su karɓi kiɗan ba, sun ce yana sa su haki. Tsofaffin mata ne suka riƙe shi, ba kuma wadda ta taɓa kiransa diram an bes, kiɗan Gwaggo suke cewa. Duk gidan da za a yi biki, sati guda kafin ranar za ka ga Baballe ya yi sallama da ledar goro, a shigar da shi tsakar gida, babbar gwaggon gidan ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne ta yi masa guɗa biyu, ta kara da ta jini, maƙwabta suna leƙowa suna tambayar wa ya haihu. Yanzu yakan nemo waƙoƙin da suka dace tun daga gida, ba ya taɓa maɓallin nan.

In ka zauna da shi a shago zai ba ka labarin ranar, amma ba da alfahari ba. Yakan girgiza kai ya ce minti goma sha ɗaya ya yi a ɗari da tamanin da huɗu, kuma in masu sana'ar na ƙasashen waje suka ji, ba zai iya haɗa ido da su ba. Rahmat takan ce daga cikin gida ya kwantar da hankalinsa, ba wanda ya san da shi ko a Akwanga.